Tafki na Uku

Mun bar Huaraz tun fitilun titi ba su mutu ba,
ni da ƙanena Teodosio.
Mota ta sauke mu inda hanya ta gaji ta tsaya,
daga nan sai ƙafa.
Jakata ta haɗiye tanti da bargo biyu da soyayyar masara,
tasa ta ɗau risho da tukunyar Baba mai lotsattsen baki,
wadda ya rantse ba zai bari a gida ba.

Hawan dutse ba ya son mai surutu.
Kafin rana ta take kowa ya adana harshensa.
Taku goma, a tsaya, a roƙi numfashi,
iskar sama kuwa marowaciya ce,
ka wage baki ka ja, ta ba ka rabin cokali.
Igiyar jaka ta saɓule mini fatar kafaɗa.
Shekara talatin Baba yana bin hanyar nan
da alfadarai huɗu da kayan baƙi,
ban taɓa tambayarsa ina ke masa ciwo ba.

Tafki na farko kore ne shar, kamar idon mage.
Na biyu fari-fari, sai ka ce an wanke shinkafa a ciki.
Na uku shi ya yi mana zancensa a gadon asibiti:
"Akwai wani dutse da na shafa wa jan fenti
daidai inda ƙanƙara ke shan ruwa.
Ku je ku gano mini."
Bai tsaya jin amsa ba.

Mun tarar da dutsen, fentin ya koɗe.
Ƙanƙarar ta tattara zanenta ta haye can sama.
Teodosio ya bi ta yana ƙirga sawu,
ɗari huɗu da goma sha ɗaya, tsakuwa zalla.
Ya dawo bai ce uffan ba, ya hau kafa tanti,
turke ɗaya ya sha duka ashirin.

Ashe ashana ta jiƙe
tun a rafin da santsi ya kwashe shi da hantsi.
Muka dasa faɗa kamar muna 'yan shekara bakwai,
kai ne, ke ce, kai ne,
tsauni yana maido mana da kowace kalma sau biyu
har kunya ta kama mu.

Duhu na sauka sai ga tsohuwa daga bukkar duwatsu,
kare mai ido ɗaya yana bin ta,
garwashin kashin shanu a tsingaro tana kāre shi da hula.
Ta ce sunanta Fortunata,
da harshen nan da muka baro a ɗakin kaka,
rabi muke ji, rabi mu cike da murmushi.
Idonta ya faɗa kan tukunya.
"Ta Nemesio ce! Ni na lotsa bakin nan
ranar da alfadarinsa ya shiga mini dankali
na rasa abin jifa."
Ta yi dariya har da tari.
"Ina ya tsaya, shi malalacin?"

Babu wanda ya amsa.
Ta dube ni, ta dubi ƙanena,
ta durƙusa ta hura wutar, ta daɗe tana hurawa
bayan ta riga ta kama.

Da dare sanyi ya shigo tanti ba sallama.
Na leƙa, taurari sun zube cikin ruwa ba wanda ya tsince.
Can sama ƙanƙara ta tsage, ƙara kamar harbin bindiga,
sai shiru,
sai munsharin Teodosio, irin na Baba sak.

Da asuba na ga wurinsa wayam.
Na hango shi ɗan mitsitsi a gindin farin nan,
da gwangwanin jan fentin da ya ɓoye mini cikin safa.
Na ɗauki tukunyar na gangara bakin ruwa.
Ruwan ya cije mini yatsu,
na ci gaba da wankewa.